Hutun Makaranta: A Nema wa Ƙananan Yara Fili da Abokan Wasa Maimakon Waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da iyaye 'yan'uwana, musamman mazauna garin Kaduna, game da yadda ƙananan yaranmu suke cinye dogon hutun makaranta, wanda yakan fara daga ƙarshen watan Yuli ya kai cikin Satumba. Ni malamar firamare ce, kuma uwa, kuma abin da nake gani duk shekara idan an koma aji shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yara 'yan shekara biyar zuwa takwas suna dawowa ba sa iya zama su saurari labari har ƙarshe, hannunsu ya yi nauyi wajen riƙe fensir, in kuma ka tambaye su abin da suka yi a hutu, amsar da yawa daga cikinsu ba ta wuce kallon katun a wayar Mama ba.

Ban rubuto domin in ɗora wa iyaye mata laifi ba, don na san halin da ake ciki. Matar da take zaune a ciki da falo a gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa ko Badarawa, ga girki, ga wanki, ga goyo, ga ƙaramar sana'ar da take rufa wa gida asiri da ita, ba ta da tsakar gidan da za ta saki yara, kuma filin da muka yi wasa a cikinsa muna ƙanana yau an gine shi ko an kafa masa shaguna. Idan ta bar su ƙofar gida tana tsoron babura da Keke Napep, tana kuma tsoron masu satar yara, wanda tsoro ne na gaskiya da babu mai hankalin da zai raina shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na cefane suka hau, har ya zama kuɗin lesin na hutu da na shiga wuraren shaƙatawa sun fi ƙarfin yawancin magidanta. A irin wannan yanayi waya ce ta zama mai raino, domin ita ce abu ɗaya da yake sa yaro ya yi shiru nan take ba tare da an fita ko'ina ba.

Sai dai wannan shirun yana da tsada. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini, in ma ya gaza haka ya fi. A cikin shawarwarin akwai wani adadi da ba a cika ambatonsa ba, wanda a ganina ya fi na farko nauyi: yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 kowace rana, wato awa uku na guje-guje da tsalle-tsalle da hawa da sauka, a rarrabe cikin yini. Waɗanda suka kai shekara biyar zuwa sha bakwai kuwa, hukumar ta ce su samu aƙalla minti 60 a rana na wasan da zai sa su haki da gumi. Na ce ya fi nauyi ne saboda uwar da ta ƙwace waya ba tare da ta sa wani abu a gurbinta ba, kuka kawai za ta saya, kuma kafin la'asar wayar ta koma hannun yaron. Maganar da ya kamata mu tsaya a kanta ita ce abin da zai cike waɗannan awanni, kuma abin da na gani a aiki shi ne yaro ba kayan wasa masu tsada yake nema ba. Wurin da zai sake yake so, da sa'o'insa da zai yi wasa da su, da babba guda ɗaya da zai zauna kusa yana sa ido.

Wasanninmu na gargajiya kusan dukkansu an gina su ne a kan rashin kuɗi. 'Yar gala-gala ba ta buƙatar komai sai gawayi ko alli da za a zana gidaje a ƙasa da ɗan tsingaro da za a jefa, kuma ko a barandar gidan haya za ta yiwu. Yarinyar da take tsalle da ƙafa ɗaya daga gida zuwa gida ba tare da ta taka layi ba tana koyon daidaita jikinta, tana ƙirga gidaje, tana kuma koyon abin da ya fi waɗannan wuya ga ɗan shekara biyar, wato jiran layinsa da yarda cewa ya faɗi idan ya faɗi. Carafke kuma 'yan duwatsu ne kawai, a cilla ɗaya sama a kwashe na ƙasa kafin ya sauko a cafe shi, ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku. A matsayina na mai koyar da rubutu ina iya shaida cewa yatsun da suka saba da carafke ba sa shan wahalar riƙe fensir, kuma yarinyar da ta iya kwasar duwatsu uku-uku ta riga ta shiga ƙofar lissafin sau ba tare da ta sani ba. Maza suna da langa, wadda har yanzu ana fafatawa a kanta a cikin wasannin gargajiya na Gasar Wasanni ta Ƙasa tare da dambe da kokawa, amma yaran unguwanninmu da yawa ba su taɓa riƙe ƙafa ɗaya da hannu sun yi ta ba. Ga garen taya, ga tsallen igiya, ga ƙwallon tsumma, ga wasan ɓuya. Waɗanda suka kai shekara bakwai ko takwas kuma za su iya fara dara, wadda ake haƙa mata ramuka talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan na tsinke wancan na dutse, duk wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗan abokinsa. Dattawan da suke buga ta a gindin bishiya a kowace unguwa za su ji daɗi a ce an turo musu jikoki su koya.

Dogon hutunmu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin markar Agusta, saboda haka akwai ranakun da ba za a fita ba ko da filin yana nan. Waɗannan ranaku da dararen da aka ɗauke wuta su ne na tatsuniya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin ita ce asarar da ta fi damuna. Idan kaka ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” yara suka amsa “Ta zo mu ji ta,” abin da zai biyo baya ya bambanta ƙwarai da kallon katun. A katun an riga an zana wa yaro komai, aikinsa kawai ya buɗe ido. A tatsuniya kuwa shi ne zai gina Gizo da Ƙoƙi da kura da fadar sarki a cikin kansa, ya riƙe farkon labari har a kai ƙarshensa, ya amsa waƙar da take tsakiya, ya tambayi ma'anar kalmar da bai sani ba, kuma mai ba da labarin tana ganin fuskarsa, ta san inda za ta rage da inda za ta ƙara. Wannan riƙe zaren magana shi ne ainihin abin da ake buƙata daga yaro ranar da aka ba shi littafi aka ce ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta. Bayan an ce “Ƙurunƙus,” yana da kyau a sa ɗaya daga cikin yaran ya maimaita labarin da bakinsa, ko a bar su su raba sunaye su yi wasan kwaikwayonsa da zani da tsintsiya da tukunya. Camfin nan na cewa ba a yin tatsuniya da rana kada ya hana mu, domin an kafa shi ne a zamanin da rana take ta aikin gona.

Haka kuma kacici-kacici. A ce “Ƙulin ƙulifita,” su ce “Gauta,” sannan a jefa musu: Baba na ɗaka, gemu na waje. Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba. Yaron da ya yi ta juya tambaya a ransa har ya gano wuta da hayaƙi, ko tsintsiya, ko yunwa, ya yi tunani na gaske, wanda ya kasa kuma ya ba da gari, a yi dariya a wuce. Idan suka ƙware sai a ce kowa ya ƙirƙiro nasa daga kayan cikin ɗaki. A gari irin Kaduna, inda yara da yawa suke tashi suna cakuɗa Hausa da Turanci ba su cika ƙwarewa a ko ɗaya ba, wannan ita ce hanya mafi arha ta ba su harshe mai ƙarfi, kuma maƙwabciya Banufiya ko Bayarabiya ko 'yar kudancin jihar nan tana da nata labaran da yaranmu za su ƙaru da su in an ba ta dama.

Sai aikin hannu. Mu da muke zaune a garin da yake da kasuwar Panteka, inda masu sana'a suke mai da ƙarfen da aka zubar ya zama murhu da injin niƙa da ƙofa, bai kamata a ce yaranmu sun manta yadda ake haɗa mota da kwali da murfin kwalba ba. Uwa ta ware buhu guda ta riƙa tara kwalayen sabulu da na ashana, murafen robar lemo, ƙyallayen da tela yake zubarwa, zare, karan dawa idan ya samu, sannan ta dama ɗan kanzo ko garin rogo ya zama gam. Daga wannan buhun za a fitar da mota da gida da 'yar tsana da ma'aunin sayar da kaya. Yumɓu yana samuwa a damina, kuma tuwon ƙasa da 'yan mata suke yi a gwangwani ba ƙazanta ba ce matuƙar za a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Abin kiyayewa shi ne reza da almakashi da gwangwani mai tsatsa kada su shiga hannun ƙananan, kuma duk abin da zai iya shiga baki, irin dutsen carafke da murfin kwalba da ƙwayar wake, a nisanta shi daga ɗan ƙasa da shekara uku saboda shaƙewa. Ina kuma roƙon iyaye kada su karɓe aikin daga hannun yaro don su gyara masa. Motar da ta karkace amma shi ya yi ta ta fi masa amfani a kan kyakkyawar da babansa ya haɗa.

Damina ta kuma ba mu damar shuka. Tsohon buhun siminti ko fasasshen bokiti da aka huda ƙasansa, aka cika shi da ƙasa da ɗan taki, ya isa gona ga ɗan shekara huɗu. Wake yana tsirowa cikin 'yan kwanaki, alayyafo yana isa yanka cikin kamar wata guda, kuɓewar da aka shuka a makon farko na hutu kuma za ta kusa fara 'ya'ya lokacin komawa makaranta. A ba kowane yaro buhunsa, ya riƙa dubawa kowace safiya, yana gwada tsawon shukar da tsinke. Aikin gida ma yana da rabonsa, kamar tsince shinkafa, ɓare gyaɗa, jera takalma, ninke kaya da ƙirga cokula, in dai an yi shi tare ana hira. Amma a nan dole in faɗi wata magana da ba kowa zai so ji ba: a gidaje da yawa hutu yana nufin namiji ya samu waya ko ƙwallo, mace kuma 'yar shekara bakwai ta samu goyon ƙaninta daga safe zuwa dare ko farantin talla a ka. Wannan ba shi ne abin da nake kira a kai ba. Ita ma yarinya ce, tana da haƙƙin wasa kamar ɗan'uwanta, shi ma kuma ba abin da zai same shi idan ya share tsakar gida.

Fita ɗaya ko biyu a duk tsawon hutu ta isa, idan an shirya ta. Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, akwai Arewa House a titin Rabah, gidan da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya zauna, akwai kuma lambun Gamji a bakin kogi, inda tsohuwar gadar ƙafa ta zamanin Gwamna Lugga (Lord Lugard) da aka ɗauko daga Zungeru take. Yara nawa ne aka haifa a garin nan suka girma ba su taɓa taka ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba? Gidaje uku za su iya haɗa kuɗin mota su dafa abincinsu daga gida. Wanda hakan ma ya gagara, ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin kafinta ko maƙeri ko tela na unguwa ya tsaya ya ga yadda ake aiki, domin a wurin ƙaramin yaro wannan ma buɗe ido ne.

Duk abin da na ambata zai tsaya a takarda idan aka bar uwa ɗaya da shi, shi ya sa nake ganin maganin yana hannun unguwa. Da can ana cewa ɗa na kowa ne, kuma abin da ya sa wasa ya yiwu a lokacin ke nan. Gidaje huɗu ko biyar da suka san juna za su iya yin karɓa-karɓa, yau yaran duka suna gidan wance daga hantsi zuwa azahar, gobe suna gidan wance, ta yadda kowace uwa za ta yi aikin rana ɗaya ta huta sauran. Sharaɗin shi ne a yi wasan a fili inda kowa yake gani, a san adadin yaran da aka kawo, a san kuma wanda zai zo ɗaukar kowane ɗaya, kada a bar su da baƙon da ba a sani ba ko a ɗakin da aka rufe. Fiye da haka, ina kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna da kwamitocin kula da makarantu da masu unguwanni su duba yiwuwar buɗe filayen makarantun firamare na gwamnati na awa biyu ko uku a wasu ranakun mako a lokacin hutu. A unguwanni da dama filin makaranta shi ne kaɗai buɗaɗɗen wuri mai katanga da ya rage, kuma yana zama a kulle makonni alhali yaran da aka gina shi dominsu suna cunkushe a ɗaki. Abin da ake buƙata bai wuce maigadi a ƙofa, da iyaye biyu ko uku masu sa ido bi da bi, da 'yan sakandare da ɗaliban manyan makarantu da suke gida su jagoranci wasa ba. Harabobin Islamiyyu da na coci-coci ma za su iya yin wannan hidima a sa'o'in da ba a karatu ko ibada.

Fili mai katanga yana da wani amfani a damina, domin yaron da ba a ba shi wurin wasa ba shi yake nema wa kansa, kuma inda yake zuwa shi ne bakin kogin Kaduna da kududdufai da manyan kwatoci masu gudu bayan an ɗauke ruwan sama. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa ko a cikin baho ko bokitin da aka tara ruwan indararo, saboda haka a riƙa rufe su. Ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye kuma a zubar da shi, don nan sauro yake hayayyafa, a kuma dawo da yara gida kafin magariba.

Na san akwai iyayen da za su ce wasa ɓata lokaci ne, gara yaro ya wuni a lesin. Ban ƙi a ware minti ashirin ko talatin kullum a karanta littafi tare ba, hasali ma ina ba da shawarar hakan, kuma Islamiyya tana nan ba ta tsaya ba. Amma ɗan shekara biyar da ya yi wata tara a kan benci ba ƙarin benci yake buƙata ba. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta Manzon Allah (SAW) bai hana su ba, kuma shi da kansa yana wasa da jikokinsa Hasan da Husaini. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31, kuma tun daga 2024 ake kiyaye 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya.

Game da ita kanta wayar, ban ce a haramta ta ba. A sa mata lokaci sananne, a hana ta wurin cin abinci da kafin barci, kuma mu manya mu fara ajiye tamu, domin yaro ba zai yarda waya ba ta da amfani ba alhali yana ganin kan mahaifinsa a sunkuye a kanta tun daga dawowarsa har ya kwanta. Kwanakin farko za a sha rigima, kuma idan yaro ya zo yana cewa ya gaji da zama ba shi da abin yi, ba lallai ne a tashi a nema masa ba, a nuna masa buhun kwalaye a ƙyale shi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a wannan jarida duk mako a tsawon hutu, inda za a riƙa buga tatsuniya ɗaya da kacici-kacici da bayanin yadda ake yin wasa guda na gargajiya, ka kuma gayyaci masu karatu daga Zariya da Kafanchan da Birnin Gwari da sauran garuruwa su aiko da wasannin garinsu tare da ƙa'idojinsu, domin iyaye matasa da yawa suna so su koya wa 'ya'yansu amma su kansu sun manta yadda ake yi. Haka nan ina roƙon gidajen rediyon da ke garin nan, tun daga Rediyon Najeriya Kaduna har zuwa tashoshi masu zaman kansu, su sa shirin tatsuniya na rabin awa bayan sallar isha'i a waɗannan makonni, don gidajen da ba su da kaka a kusa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Taka mai karatu,
Wata malamar firamare,
Tudun Wada, Kaduna.